Wasiƙar Kazan: Yadda Bahaushe Ke Gyara Wa Masu Jin Rashanci Lafazin Turanci

 A nan Kazan hunturu ya kankama, kogin Volga ya daskare, har masunta sun fara zama a kan ƙanƙara suna huda rami suna jefa ƙugiya. Wanda ke Jidda ko Kumasi sai ya ƙara gode wa Allah.

Makon jiya wani ƙanenmu da ke karatun likita a Rostov ya aiko mini da saƙo. Ya ce kuɗin da ake turo masa daga gida ba ya kai shi ƙarshen wata, ga shi wani injiniya maƙwabcinsa ya roƙe shi ya riƙa koya masa Turanci yana biyansa. "Yaya," in ji shi, "mutumin nan ya fi ni sanin nahawu. Abin da yake so kawai a gyara masa baki. Ni da ake yi wa dariya a kan p da f, ta ina zan fara?"

Na ga ya fi kyau in amsa masa a nan, domin tambayar ta shafi mutane da yawa. Akwai ɗalibanmu a Mosko da Kazan da sauran biranen Rasha da ke rufa wa kansu asiri da wannan sana'a. Akwai kuma waɗanda ke Landan ko Dubai ko New York suna aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci da injiniyoyi masu jin Rashanci, kullum ana fama da "me ka ce?" Zan ba ku labarin ɗalibar da na fi koyon darasi a wurinta.

Likitar da ta so zama 'yar Landan

Lokacin da na fara neman aikin koyarwa a garin nan, wata makarantar koyon harsuna ta kira ni. Shugabar ta saurare ni, ta ce Turancina ya yi, amma da sharaɗi guda: in an tambaye ni, in ce ni haifaffen Ingila ne, domin masu biyan kuɗi ɗan asalin harshe suke nema. Na ce ni Bazazzagi ne, kuma ban ga dalilin da zan sa a canza mini gari saboda albashi ba. Aiki dai bai samu ba. Na yi wata biyu ina lissafin taliya da ƙwai kafin wata maƙwabciyata ta haɗa ni da wata likitar zuciya.

Matar ta haura shekara arba'in da biyar. Kullum tana karanta mujallun likitanci da Turanci, tana kuma rubuta maƙala da shi. An ba ta gurbin horo na shekara guda a wani asibitin koyarwa a ƙasar waje, bisa sharaɗin ta samu maki 7 a ɓangaren magana na jarrabawar IELTS. Sau biyu tana zama, sau biyu tana samun 6. Tun cikin 2022 aka dakatar da wannan jarrabawa a Rasha, saboda haka kowane zama yana nufin tikitin jirgi zuwa Almaty ta Kazakistan, da kuɗin masauki, da kuɗin rajista, da roƙon hutu a wurin aiki. Ta ce mini zama na uku shi ne na ƙarshe, in bai yiwu ba ta haƙura.

Ranar farko ta ajiye mini shayi da cak-cak, wani cincin mai zuma da mutanen Tatar ke ji da shi, sannan ta ce: "Ina so in yi magana kamar 'yar Landan."

Na ce: "Dakta, wannan ba ni da shi, ballantana in ba ki. Kuma ba shi ne ya hana ki maki ba."

Na rubuta kalmomi huɗu a takarda: "bed", "bad", "bet", "bat". Na juya mata baya, na ce ta zaɓi duk wadda ta ga dama ta faɗa, ni kuma in rubuta abin da na ji. Sau goma ta faɗa, sau goma na rubuta "bet". Ta dubi takardar ta yi shiru. Gado, da mummuna, da caca, da jemage, duk sun zama abu ɗaya a bakinta, ita kuwa a kunnenta tana jin ta bambanta su. Daga ranar ba ta sake yi mini zancen Landan ba.

Inda gizo ke saƙa

Mai jin Rashanci ba ya kuskure da ka. Dokokin harshensa ne yake ɗorawa a kan Turanci, kamar yadda mu ma muke ɗora namu. In ka san dokokin, ka san inda za ka sa hannu.

Na farko, baƙin ƙarshen kalma. Sa yatsa a maƙogwaronka ka ce "zzz", za ka ji yana karkarwa, ka ce "sss", za ka ji shiru. A Rashanci duk baƙi mai wannan karkarwa, irin su b, d, g, z da v, yana rasa ta idan ya zo a ƙarshen kalma. Kalmar "kod", wato lambar sirri, da "kot", wato muzuru, furucinsu ɗaya. Haka "lug", fadama, da "luk", albasa. To, da aka zo Turanci sai "bag" ta koma "back", "eyes" ta koma "ice", "leave" ta koma "leaf". Ga likitar zuciya kuwa, "hard" da "heart" sun haɗe. Maganin da ya yi mana aiki shi ne daina kokawa da baƙin kansa. Bature yana jan wasalin da ke gaban baƙi mai karkarwa, yana kuma datse wanda ke gaban maras ita. Ja wasalin "bag", datse na "back", kunnen mai saurare zai cike sauran. Sai dai kai malami Bahaushe ka kiyayi naka halin, kada garin gyara ka koya wa mutum "bagi". Mu ne fa muka mayar da "bucket" bokiti, muka mayar da "card" kati.

Na biyu, tsawon wasali. Rashanci ba ya bambanta ma'ana da dogon wasali da gajere. Shi ya sa "live" da "leave", "fill" da "feel", "pill" da "peel", "full" da "fool" suke zame musu tagwaye. A nan ne Bahaushe yake da jari. Yaron da bai shiga makaranta ba ya san bambancin gari da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Ya san "duka" na jimla da "duka" na bulala. Na sa Dakta ta yi kwana uku tana maimaita "ciki" da "kifi", tana sauraren wasalin farko na kowace, kafin mu taɓa kalmar Turanci ko ɗaya. Gajeren wasalin Turanci ya fi sakin baki, harshe ba ya ɗagawa sosai, kuma gajeren namu na tsakiyar kalma ya kusa da shi ƙwarai. Da kunnenta ya kama na Hausa, na Turanci bai ba ta wuya ba.

Na uku, fitar iska. Bature yana sakin 'yar iska bayan p, t da k a farkon kalma, mai jin Rashanci kuwa ba ya yi. Sai ya ce "pill" a ji "bill", ya ce "time" a ji "dime". Riƙe 'yar takarda a gaban leɓe: in an faɗi "pill" daidai za ta motsa, in an faɗi "bill" ba za ta motsa ba. Wannan atisaye ba ya bukatar ko sisi.

Na huɗu, w da h. Rashanci ba shi da w, sai v, kuma ba shi da h irin tamu, sai wata mai karce maƙogwaro kamar ta Larabci a "khairan". Ko a rubutu, Washington "Vashington" ce a wurinsu, Hamlet "Gamlet" ne, Harry Potter kuwa "Garri". Saboda haka "west" da "vest", "wet" da "vet" sukan rikice.

Da tsohuwar zuma ake magani

A kan wannan na huɗun ne abin mamaki ya faru. Mun yi mako guda muna fama da w, ina nuna mata yadda ake tattara leɓɓa ba tare da haƙori ya taɓa su ba, abu ya ƙi. Rannan ana cikin darasi mahaifiyarta ta kira ta a waya daga ƙauye, sai na ji ta juya harshe zuwa Tatar. A cikin maganar na tsinci kalmar "wakit". Da ta ajiye wayar na tambaye ta ma'anarta, ta ce lokaci. Na ce ai mu ma daga wannan kalmar Larabci muka samo "lokaci". Sannan na ce: "Dakta, sake faɗa." Ta faɗa. Na ce: "To ga w ɗin da muke nema tun makon jiya, ashe tana bakinki."

Ta yi dariya har da hawaye. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa harshen kakarta yana da abin da zai ba Turanci ba, domin da Rashanci aka koya mata Turanci a makaranta, ta ƙofar Rashanci kuma take shigarsa. Muka zauna muka tona. Harshen Tatar yana da haruffa shida da babu su a cikin 33 na Rashanci, kuma uku daga ciki kamar don Turanci aka yi su. Kalmar iska a wurinsu "hawa" ce, ga h mai laushi ga w a wuri guda. Wasalin farko na kalmar da suke kiran uwa da ita shi ne kusan wasalin "bad", wanda ya raba ta da "bed". Suna kuma da sautin hanci na ƙarshen "sing" da "morning", wanda mai Rashanci zalla yakan ƙarasa da k ko g, mu kuma muke da shi a ƙarshen "nan" da "can". Maƙwabtansu Bashkir na wajen Ufa har sautukan "th" guda biyu suna da su a harshensu.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ka fara koyarwa, tambayi mutum wane harshe ake yi a gidansu. Masu jin Rashanci ba duka ne Rashawa ba. Akwai 'yan Kazakistan, da Uzbekistan, da Azarbaijan, da Armeniya, da Yukren, da Latbiya, kowa da harshen da ya sha a nono. Wannan tambaya tana buɗe maka taskar sautuka, kuma a wannan zamani na yaƙi tana kare ka daga kiran mutum da sunan ƙasar da ba tasa ba.

Laifi tudu ne

Kada ƙanena na Rostov ya ɗauka ni ban sha kunya ba. Wata rana na ce mata mu ɗan huta mu sha kofi, da Turanci. Ta dube ni ta saman tabarau. Tun farko na gaya mata yadda muke kiran mai koyarwa a gida, ta kuwa riƙe. Ta ce: "Malam, 'coffee' za mu sha ko 'copy'?"

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Shekara nawa ina Turanci, amma da na saki jiki sai f ɗin Hausa ta dawo, wadda muke yi da leɓɓa biyu, tana yawo tsakanin p da f. Rashanci kuwa ya raba p da f da v da b sarai, kowace da gidanta. Ranar ita ta zama malama. Ta ce haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa, f ke nan, in maƙogwaro ya yi karkarwa ta zama v. Leɓɓa biyu su rufe ruf sannan su buɗe, p ke nan. Muka yi yarjejeniya: minti biyar na ƙarshen kowane darasi nata ne, ta ba ni "pull" da "full", "port" da "fort", "berry" da "very".

Akwai wasu wurare biyu da suka fi mu. Mutanen da ke gaisuwa da "zdravstvuyte", suna fara kalma da baƙaƙe huɗu a jere kamar a "vzglyad", ba za su ji tsoron "street" ba, alhali mu sai mun cusa wasali mun ce "sitirit". Sannan sun saba raunana wasalin da ba a danna ba: suna rubuta "moloko", madara, amma "malako" ake ji, da nauyi a gaɓar ƙarshe. Turanci ma haka yake tafiya, gaɓa ɗaya ta yi nauyi sauran su yi sauƙi. Mu kuwa kowane wasali muna ba shi haƙƙinsa cif. In kana koyar da su, kada ka lalata musu wannan da naka salon.

Inda suke tuntuɓe shi ne wurin da nauyin yake sauka, musamman a kalmomin da harsunan biyu suka yi tarayya. Rashanci yana cewa simpTOM, insuLIN, proBLEma, allerGIya. Turanci yana cewa SYMPtom, INsulin, PROBlem, ALlergy. Ƙwararre ya fi kowa faɗawa wannan rami, domin ya ga kalmar da ya sani sai ya sake. Mun rubuta kalmomi ɗari na aikinta, muka ja layi a ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa, tana tafa hannu a kanta. Muka daɗe a kan "fifteen" da "fifty", domin a bakin likita tazarar 15 da 50 tana iya zama ran mutum.

Sai kuma hawa da saukar murya. Ladabin Rashanci yana cikin kalmomi, a lamirin girmamawa na "vy" da kuma "pozhaluysta". In an kawo su, ba laifi murya ta sauka tsaye. Turanci kuwa yana ɗora ladabi mai yawa a kan karin murya. Dakta takan ce "sit down, please" da zuciya ɗaya, amma a kunnen Bature kamar soja ne ke ba da oda. Bahaushen da ya san bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya yana da kunnen da zai kama wannan, ya kuma nuna shi da hannu, sama da ƙasa.

Me za a bari?

Mun bar r ɗinta mai kaɗawa yadda take. Mun ajiye "th" sai can ƙarshe, kuma ba mu kashe kanmu a kai ba. Wanda ya yi karatun allo ya san haruffan Larabci da ake fito da kan harshe tsakanin haƙora, sai ya nuna su, in sun zauna to, in ba su zauna ba a wuce. Ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A shekarar 2000 wata masaniyar harshe 'yar Birtaniya, Jennifer Jenkins, ta fitar da littafi a kan lafazin Turanci a matsayin harshen duniya, bayan ta nazarci inda fahimta ke yankewa tsakanin mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne. Ta sa tsawon wasali, da fitar iska bayan p, t, k, da kiyaye jerin baƙaƙe a farkon kalma cikin abubuwan da ba a wasa da su. "Th" kuwa ba ta sa shi ciki ba.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ma haka ta bi. Ma'auninta na Turancin matuƙa jirgi yana da matakai shida, na huɗu shi ne mafi ƙarancin da ake aiki da shi, kuma ya yarda a ji harshen uwa a bakin mutum muddin ba ya yawan hana fahimta. In an yarda da haka ga mai ɗauke da rayuka ɗari uku a sama, ban ga dalilin da za a hana injiniya ba. A IELTS ma lafazi ɗaya ne daga ma'aunai huɗu na ɓangaren magana, kuma abin da ake dubawa shi ne sauƙin fahimta. Ga shi kuma da yawa daga cikin ƙwararrun da ke neman darasi a Rasha yau, da Indiyawa da Sinawa da Turkawa da Larabawa suke hulɗa. Kunnen waɗannan ne alƙali.

Ga ƙanena na Rostov

Karɓi aikin, amma bi waɗannan. Fara zuwa ofishin ɗaliban ƙetare na jami'arku ka tambayi abin da takardunka suka halatta maka. Tun 2020 an sassauta wa ɗalibai baƙi dokar aiki, amma kowane irin aiki da ƙa'idarsa, kuma bai kamata kuɗin cefane ya jawo maka asarar karatu ba. Kada ka ari garin da ba naka ba, faɗi gaskiyar inda ka fito. Ranar farko ɗauki muryarsa a waya na minti biyu yana bayanin aikinsa, ku saurara tare, ku ajiye don kwatantawa bayan wata guda. Zaɓi matsala uku kacal, waɗanda suka fi canza ma'ana. Horar da kunne kafin baki, domin mutum ba ya furta bambancin da bai ji ba. Ɗauko misalai daga kalmomin sana'arsa. Minti goma kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Duk kalmar da kake shakka, saurare ta a ƙamus mai sauti kafin ka shiga aji. Sannan gaya masa naka raunin tun kafin ya gano, ka ce ya riƙa kama ka. Ba zai raina ka ba, zai ma fi sakin jiki ya yi kuskure a gabanka.

Ku kuma da ke aiki da su a asibitoci da kamfanonin Ingila ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, in abokin aiki ya ce "back" alhali jaka yake nufi, yanzu kun san dalili. In muryarsa ta yi muku kaushi, ku yi masa uzuri kafin ku yanke hukunci. In lamba ce ko awon magani, a maimaita, a rubuta. Yadda kuke ƙoƙarin gane shi, haka shi ma yake ƙoƙarin gane p da f ɗinku.

Dakta ta tafi Almaty bayan wata huɗu da fara darasinmu. Ta samu 7. Da ta kira ni ta gaya mini, r ɗinta tana nan tana kaɗawa kamar ranar da muka haɗu, duk wanda ya ji ta ya san daga inda ta fito. Amma ko sau ɗaya ban ce ta maimaita ba. Kafin ta ajiye wayar sai da ta sa na faɗi "fifty-five people" sau uku, ta ce na biyun ne kawai ya yi.

Wanda yake da irin wannan labari daga inda yake zaune, ko da masu jin Larabci ne ko Sinanci ko Faransanci, ya aiko mana mu ƙaru. Allah Ya rufa mana asiri a ƙasar mutane, Ya mayar da mu gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.